Ba A Yanke Kan Kaset

Shekara ashirin da ɗoriya da binne Sa'idu, sai ga shi ya yi gyaran murya a cikin aljihun wansa.

Shamsuddeen yana zaune a barandar ofishinsu na sashen gona a sakatariyar Ikara, yana ɓarar gyaɗa, ya saki saƙonnin murya na wani guruf suna bin juna daga wayar da ke aljihun rigarsa, kamar yadda ya saba idan aiki ya lafa. Wani ya gama surutunsa, aka ji shuuu irin na tsohon kaset, sannan gyaran muryar nan ta biyo baya. Gyaɗar da ke hannunsa ta zube ƙasa.

"Yaya, ka danna?"

"Na danna," in ji wata murya. Tasa ce, tun tana da sauran ƙuruciya.

"To. Ni ne Sa'idu na Ikara. Yau jajiberin Babbar Salla, muna shagon Yahuza mai gyaran rediyo a Makarfi. Yanzun nan na sauko daga Kudan, na kai wa Kawu Tanko saƙon Inna. Jitar ta aro ce, amfilifayar ƙara sauti ta Yahuza ce, feda kuwa ni na haɗa ta da kayan cikin matacciyar rediyo, a gwangwanin kifi. A saurara."

Sai jitar ta shigo da wani gurnani mai kauri, kamar injin niƙa ya koyi kuka. Shamsuddeen ya zaro wayar, ya danna nan ya danna can kafin ya samu ta yi shiru. Ya waiga dama da hagu, babu kowa a barandar sai akuyar masinja tana cin ɓawon gyaɗarsa.

Guruf ɗin nan na masu son kayan jitar lantarki ne, kuma Allah Ya yi su da ƙwaƙwa. Akwai na Kano, akwai na Jos, da na Yamai da Agadas, har da wani Bature mai rubuta Hausa a karkace. Waƙa ba ta dame su ba. Abin da ke hana su sukuni shi ne muryar kayan: wace jita, wace lasifika, wace feda, wato ɗan akwatin nan da makaɗi ke takawa da ƙafa ya sauya amon jitarsa. Sai su wuni suna musu a kan silin waya guda, kai ka ce gadon gida ake rabawa. Aikinsu tono tsofaffin kaset-kaset na gwaji, a juye su a waya, a raba wa juna. Doka ɗaya gare su wadda ba a taka ta: ba a yanke kan kaset. Bayanin nan na farko, inda makaɗi ke faɗin sunansa da ranar da kayan da ya haɗa, shi ne shaida a wurinsu. Shamsuddeen ya daɗe a cikinsu, bai taɓa cewa uffan ba, sauraro kawai yake yi.

Abin da 'yan guruf ba su sani ba yana gidan su Shamsuddeen, a ɗakin da ke kusa da rijiya, inda mahaifiyarsa Inna Mero take.

Sa'idu shi ne autanta. Tun yana sakandare ya kamu da son jita, har maganar ta fara yawo a unguwa cewa ɗan marigayi ladan ya zama makaɗi. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta sa an yi masa nasiha, duk a banza. Rannan ranta ya kai maƙura, ta tsayar da shi a tsakar gida, Shamsuddeen na tsaye, ta ce, "Idan ka sake taɓa abin nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba." Sa'idu ya durƙusa ya ce ya bari. Ya kuwa bari, har na wasu watanni. Sai dai akwai fedar da ya riga ya haɗa bai taɓa jin muryarta sosai ba, ita ce ta riƙa cin ransa. Ranar jajiberin nan, da Inna ta aike shi Kudan wurin wanta, ya roƙi Shamsuddeen su haɗu a Makarfi. Sau ɗaya tak, in ji shi, a ɗauka a kaset, shi ke nan ya huta. Shamsuddeen ya je, shi ne ma ya danna rikoda.

Da aka gama Sa'idu ya riga shi tafiya a kan babur, don kada Inna ta ga ya daɗe. Bai kai Ikara ba. Motar rake ta kwashe shi a wata kwana. Shamsuddeen da ya biyo baya ya tarar da jama'a sun rufa wa ƙanensa mayafi, kuma abin da ya fara yi, kafin ma kuka ya zo masa, shi ne ya laluba jakar yaron ya cire gwangwanin nan ya wurga shi cikin gonar rake.

Bayan addu'ar uku Inna ta kira shi ɗaki. Ba ta kama sunansa, da yake ɗan fari ne.

"Kai ne babba, kai ka san shigarsa da fitarsa. Tun da na yi maganar nan, ya sake taɓawa?"

"Bai sake ba, Inna."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ashe ɗana ya tafi da albarkata."

A kan wannan kalma ta rayu tun daga ranar. Shi kuma tun daga ranar yake tsoron abu ɗaya: kada ta ji gaskiya, ta tabbatar da maganarta a kan wanda ba shi da halin zuwa ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Yahuza mai shagon ya rasu, Shamsuddeen ya ɗauka kaset ɗin ya bi shi. Ashe yana nan a kwali.

Ya duba sunan wanda ya saka. Zayyad ne, abokin Sa'idu na makaranta, wanda yanzu yake aiki a Kaduna. Ya zagaya bayan ofis ya kira shi. Da ƙyar ya iya haƙurin gaisuwa, ya gida, ya yara, ya aiki, kafin ya faɗa kan maganar.

"Zayyad, ina ka samo wannan abu?"

"Yaya Shamsu, ka ji shi ko? Iyalan Yahuza ne suka kwashe shagon, suka ba ni kwalin kaset. Wallahi da na ji muryarsa sai da na yi hawaye. Na ɗauka kai ma za ka yi murna."

"Ka goge shi. In ba za ka goge ba, ka yanke farkon, ka bar musu kiɗan."

"Haba Yaya, kai ma ɗan guruf ne, ka san doka. In na yanke kai wa zai yarda gwangwanin kifi ne ya yi wannan amo? Cewa za a yi na Turai ne. Haƙƙinsa ne a san shi ya haɗa."

Dole Shamsuddeen ya faɗa masa abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matarsa. Zayyad ya yi salati.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi ban sani ba, Yaya. Yanzu zan goge."

Ya goge kuwa, amma ihu ne bayan hari. Gogewar ma ita ta ƙara wa abin daraja. Nan da nan aka fara tambaya, wa ya sauke kafin a cire? Wani na Jos ya maido da shi, da kansa da komai. Na Agadas ya ce bai taɓa jin gurnani mai daɗin wannan ba. Baturen ya roƙi a nemo masa wannan Sa'idu ko'ina yake, yana so ya ga cikin gwangwanin. Zayyad ya rubuta cewa mai kaset ya rasu, iyalansa na roƙon a daina yaɗawa. Aka jera masa addu'o'i, Allah Ya jiƙansa, Allah Ya sa ya huta, sannan aka ci gaba da musu a kan wace irin rediyo ya farke. Mutanen kirki ne, ba su nufi kowa da sharri ba, amma a ranar Shamsuddeen ya tsane su gaba ɗaya.

Ya kwantar wa kansa da hankali da cewa guruf ɗin na tsirarun mutane ne, kuma babu mazaunin Ikara a ciki sai shi. Wannan tunani bai yi mako ba. Wani ya ɗauki kaset ɗin ya ɗora a shafukan sada zumunta, ya haɗa da hoton kasuwar Ikara, ya rubuta cewa ga abin da yaran garinmu suke yi tun kafin a san intanet. Wata safiya Shamsuddeen zai wuce tasha sai ya ji ƙanensa yana tambaya daga cikin wata ƙatuwar lasifika, "Yaya, ka danna?" Ya ja ya tsaya.

Shagon Safiyanu mai caji ne, wanda yake zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Shamsuddeen ya matsa, ya yi sallama, ya rage murya.

"Safiyanu, don Allah wannan abin, ka daina sa shi."

"Malam, ashe ƙanenka ne? Allah Ya jiƙansa. Ai abin alfahari ne, ya fito da garinmu. Yanzu duk wanda ya kawo memori shi yake fara tambaya."

"Na roƙe ka."

"To, ni zan daina. Amma na bakin kasuwa fa? Da na Janfalan? Jiya wani ya zo da shi daga Malikanchi, shi ma can ya samo."

Shamsuddeen ya juya ya tafi. Sai a hanya ya tuna cewa a wannan shagon ake zuba wa Inna karatun Alƙur'ani a 'yar ƙaramar wayarta. Ya koma gida da sauri, ya karɓi wayar, ya ce batirinta ya kumbura, zai kai gyara. Ya kulle ta a durowar ofis. Ya kafa wa 'ya'yansa doka cewa kada ya sake jin ƙarar waya a tsakar gida, wanda ya karya kuwa zai gamu da shi. Mutumin da ba a san shi da faɗa ba ya koma kullum a murtuke. Abinci sai ya jagwalgwala ya ture. Matarsa Bilki ta tambaye shi ko wani abu ne a wurin aiki, ya ce ta ƙyale shi.

To, amma wa ya isa ya yi wa gari shinge? Wata ranar da yamma Inna na zaune a tabarma tana tsintar wake, shi yana gefe yana gyara wa fitila waya, sai wani ɗan acaɓa ya tsaya a bayan katanga, kiɗa na tashi daga babur ɗinsa. Allah Ya taimaka maganar farko ta riga ta wuce, jitar ce kawai take gurnani. Inna ta ɗaga kai, hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Wannan kukan fa, kamar na taɓa jin sa."

"Na yaran zamani ne, Inna. Duk iri ɗaya ne."

Ya miƙe ya yi tuntuɓe da gangan da kwanukan wanke-wanke, suka watse da ƙara, ya tsaya yana tattarawa yana ƙara buga su har babur ɗin ya tafi. Inna ta daɗe tana kallonsa.

"Kai, me ke cin ka ne kwanan nan? Ka rame."

"Aiki ne, Inna."

"Allah Ya sauwaƙe," ta ce, ta koma kan wakenta.

Ya yi tunanin ya riga duniya, ya faɗa mata da bakinsa. Ya sha zuwa ƙofar ɗakinta ya durƙusa da niyyar haka. Da ta ce "Ina jin ka," sai ya ga fuskar Sa'idu a ƙarƙashin mayafin nan, ya ji kamar shi zai miƙa yaron ga wuta da hannunsa. Sai ya ɓuge da tambayarta ciwon gwiwa. Tsoro yake ji, tsoro irin wanda bai ji ba ko a ranar hatsarin.

Ranar wata Juma'a, an sauko daga masallaci, ya dawo ya tarar da takalman baƙo a ƙofar ɗakin Inna. Kawu Tanko ne ya zo daga Kudan. Tsoho ne tukuf, wan Inna uwa ɗaya uba ɗaya, wanda rabonsa da Ikara an kwana biyu saboda ƙafa. Shamsuddeen ya cire takalmi, ya shiga, ya durƙusa.

"Kawu, sannu da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Shamsu. Ya iyali?"

"Lafiya lau. Ya mutanen Kudan? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya aikin gwamnati?"

"Mun gode Allah."

Aka kawo fura, Kawu ya sha, ya goge gemu. Fuskarsa cike da fara'a, irin ta wanda ya zo da albishir. Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da waya.

"Mero, abin da ya taso ni ke nan. Jikokina suka kawo mini. Wai ni Tanko, ina zaune a Kudan, ana ambaton sunana har ƙasar Turawa. Kuma kin san bakin wa? Na ce wallahi ba zan bari ki ji a wurin kowa ba sai a wurina."

Kawu bai san da maganar nono ba. Inna ba ta taɓa fitar da ita daga tsakar gida ba.

"Kawu," in ji Shamsuddeen, "da an bari ka huta tukuna."

"Ina magana da ƙanwata, Shamsu."

Shi ke nan. A gidan nan ba a taɓa katse Kawu ba, balle a kai hannu ga abin da yake riƙe da shi. Shamsuddeen ya zauna a kan dugadugansa yana kallon babban yatsan tsohon yana lalube a kan gilashi, ya kuskure, ya sake. Ya roƙi Allah caji ya ƙare. Caji bai ƙare ba.

Shuuu ɗin ya fara, sai gyaran murya. Inna ta dafe ƙirji tun kafin a ce komai.

"Yaya, ka danna?"

"Na danna."

Idonta ya sauka a kan Shamsuddeen, bai kuma tashi daga kansa ba har Sa'idu ya gama jero jajiberi, da Makarfi, da Kudan, da saƙon Inna. Kawu yana ta gyaɗa kai, yana nuna kansa da yatsa a daidai inda aka ambace shi. Jitar ta shigo ta cika ɗakin.

"Kin ji ko? Ranar ce fa," in ji Kawu, idonsa ya kawo ruwa. "Daddawa da kuka kika aiko shi da su, ban manta ba. Ashe daga wurina nan ya biya. Allah Ya jiƙan yaron nan."

"Amin, Yaya," Inna ta ce. "Ka sake sa mini farkon."

Ya sake. Ta saurara, kanta a sunkuye. Ba ta yi kuka ba, ta ma yi wa wanta godiya, ta tambaye shi labarin gona da na jikoki, yana amsawa. Shamsuddeen na nan durƙushe, ya kasa tashi ya kasa zama. Da aka fara kiran la'asar Kawu ya dogara sandarsa ya fita zaure. Ɗakin ya rage su biyu.

"Ni na kira ka na tambaye ka," ta ce a hankali.

"Haka ne, Inna."

"Kai ka danna masa."

"Ni ne." Ya haɗa hannuwansa biyu. "Inna, don girman Allah kada ki riƙe shi. Sau ɗaya ne, wallahi sau ɗaya ne. Yaro ne, ni ne babba, ni ya kamata in hana. In fushi za ki yi ki yi da ni. Tsoro na ji kada ki tabbatar da maganar nan a kansa yana kwance, shi ya sa na ɓoye."

"In tabbatar?" Ta dube shi kamar ba ta san shi ba. "Ai ta tabbata tun ranar da ya taɓa. Da sharaɗi na yi ta, sharaɗin kuma ya cika, kana tsaye."

Bai taɓa kallon abin ta nan ba.

"Ranar da aka ɗauki gawarsa, mata suka cika ɗakin nan suna cewa Mero ki yafe masa. Ka san abin da na ce? Na ce bai yi mini komai ba, me zan yafe? Da ka faɗa mini a ranar, da kafin a daidaita ƙasa a kansa na kwance abin da na ɗaura. Uwa ce ni. Kana tsammani zan bar shi ya kwana ɗaya da bakina a kansa?" Muryarta ta karye a nan. "Sai ka bar shi shekara ashirin da wani abu. Ina ta yi masa addu'a, ban san ni ce na tare masa hanya ba."

"Inna, Allah Mai rahama ne. Ya san zuciyarki."

"Shi Ya sani. Ni dai na san abin da bakina ya faɗa."

Ta gyara zama ta fuskanci gabas, ta ja mayafinta ta rufe kai. Ta yi magana a sarari, yadda take yi in tana kiran yaron daga ɗaki yana tsakar gida.

"Sa'idu, na yafe maka. Nonon da ka sha na yafe maka, duniya da lahira. Abin da na sani da wanda aka ɓoye mini, duk na yafe. Allah Ka shaida."

Ta maimaita, ta sake maimaitawa, sai a lokacin hawaye suka zubo mata. Shamsuddeen ya kifa goshinsa a kan tabarma yana kuka, yana cewa amin. Abin da ya shekara ashirin yana gudu ya zo ya wuce, ƙanensa ya kuɓuta. Ya jira ta juyo gare shi. Ta share fuska da gefen mayafi, ta jawo carbinta, ba ta juyo ba.

"Inna," ya ce. "Ni fa?"

Daga zaure aka ji Kawu yana tambayar ko Shamsu ya fito, za a tayar da salla.

"Tashi," ta ce. "Kawunka na jiran ka."